WA ZAI TASHE SHI SALLAR ASUBA?



Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wani dattijo cikin masu bin mu sallah ya tsaya har jama'a suka watse. Ya ciro takarda a ninke daga aljihu ya miƙo min. Ɗansa ne ya samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, zai karanci injiniyanci. Na taya shi murna, muka yi addu'a. Sai ya ce, "Malam, ba addu'a kaɗai ta kawo ni ba. Na san kana da mutane a Zariya. So nake ka haɗa ni da wanda zai sa min ido a kan yaron nan ba tare da ya sani ba, ya riƙa gaya min duk motsinsa. Ko nawa ne zan riƙa ba shi."

Na ce, "Alhaji, kafin nan in yi tambaya? Yanzu a gida wa yake tashinsa sallar asuba?"

Ya ce, "Ni mana. Tun yana ɗan shekara bakwai ban taɓa fashin buga masa ƙofa ba."

Na ce, "To a Samaru wa zai buga masa?"

Ya yi shiru. Ni ma na yi shiru, don tambayar ba shi kaɗai ta taɓa ba. Da izininsa nake rubuta wannan, saboda na san a wannan lokacin gidaje da yawa suna cikin irin halin da yake ciki. An zana JAMB, sakamakon WAEC ko NECO ya fito, suna ya bayyana, ana ta neman kuɗin rijista da katifa da bokiti da ɗan risho. Duk ana shirya jakar yaro. Shi yaron kansa ba kasafai ake tambaya ko a shirye yake ba.

Tambayar da take damu na ita ce: kirkin da ba ya tsayuwa sai da mai gadi, na wa ne? Na yaron ne, ko na mai gadin?

Bari in fara da kaina kafin in taɓa kowa. Lokacin da na tafi karatu ƙasar Larabawa, na tafi da haddar Alƙur'ani, a unguwa har an fara ce min Malam. Wallahi a makonnin farko, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, hasken rana ne ya tashe ni. Kuma a makarantar da ake karanta Shari'a, masallaci yana nan kusa da ɗakin kwananmu. Babu wanda ya hana ni sallah, babu abokin banza da ya ja ni. Abu ɗaya ne kawai ya ɓace: takun mahaifina a tsakar gida da gyaran muryarsa. A nan na gane cewa asubar da nake taƙama da ita shekara da shekaru, rabinta tasa ce. Sai da na sha kunya tsakanina da Ubangijina kafin ta fara zama tawa.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ban ce buga ƙofar kuskure ba ne. Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da sa yara sallah tun suna shekara bakwai, a tsananta idan sun kai goma. Mai dashen bishiya dole ya kafa mata sanda, ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Amma bai dasa ta don ta zauna cikin ƙaya har abada ba. Matsalarmu ita ce mun iya kafa sandar, ba mu iya cire ta ba. Muna barinta har ranar tafiya, sai a fizge ta gaba ɗaya a tashar mota, a ce Allah Ya tsare.

Ku duba aya ta 6 a Suratun Nisa'i. Allah Ya umarci masu riƙon marayu da su riƙa jarraba su har su kai munzali, idan an ga hankali da iya tasarrufi a tare da su sannan a miƙa musu dukiyarsu. Malaman tafsiri sun yi bayanin yadda jarrabawar take: a ba yaro ɗan wani abu ya juya, a ga yadda zai yi. Ban ce ayar a kan ɗaliban jami'a ta sauka ba. Amma ku lura da jerin. Gwaji yana zuwa ne kafin miƙawa, a lokacin da mai riƙo yake kusa, inda in yaro ya yi asara kaɗan ce, kuma akwai mai gyara masa. Mu kuwa mun juya abin. Yaron da bai taɓa riƙe kuɗin mako ɗaya ba, za a tura masa na wata guda a asusu. Yarinyar da ba ta taɓa yanke shawarar komai ba, ko kalar mayafinta, za ta tsinci kanta a inda kullum sai ta yanke shawara goma kafin azahar.

Kuma su wa muke turawa? A 2024 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan mayar da shekarun shiga jami'a 18, daga baya aka tsaya a 16. Ke nan da yawa cikin masu tafiyar nan 'yan sha shida ne, sha bakwai. A idonmu yara ne. A Shari'a kuwa baligai ne, alƙalami ya riga ya hau kansu. Mala'iku suna rubuta masa a matsayin babba, mu muna mu'amala da shi kamar ɗan firamare. Wannan giɓin shi ne yake cinye 'ya'yanmu a zangon farko.

Yanzu batun ɗan leƙen asirin da Alhaji ya nema. Na gaya masa ba zan yi ba. Na farko, Allah Ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, kuma ko da uba yana da haƙƙin kula da ɗansa, ɗaukar wani haya ya riƙa bin sawunsa a ɓoye ba tare da wata alama ta ɓarna ba wani abu ne daban. Na biyu, ba ya aiki. Yaran yanzu cikin sati ɗaya zai gano. Daga ranar kuma darasin da ya koya shi ne: Baba bai yarda da ni ba, kuma abin gudu shi ne a gan ni. Ka ga mun koya masa ɓuya, ba mu koya masa tsoron Allah ba. Mai tsoron ido yana neman inda babu ido ne kawai, jami'a kuwa cike take da irin wuraren.

Annabi Yusuf (AS) saurayi ne, a baƙuwar ƙasa, nesa da mahaifinsa, an kulle ƙofofi. Babu wanda zai kai labari gida. Abin da ya tsaya masa a wannan ɗakin, bayan tsarewar Allah, shi ne abin da yake cikin ƙirjinsa. Kuma a surar dai, da Annabi Yaƙub (AS) zai tura sauran 'ya'yansa Masar, ya ba su dabara, ya ce kada su shiga ta ƙofa ɗaya, sannan ya shaida musu cewa dabararsa ba za ta tare musu hukuncin Allah ba. Ya yi abin da uba zai iya, ya san iyakarsa.

To mene ne abin da uba zai iya? Tsakanin fitowar suna da komawa makaranta yawanci akwai makonni, wani lokaci watanni. Wannan shi ne filin gwajin. Ka daina buga ƙofa, ka gaya masa ka daina, ya sa ƙararrawa a wayarsa. Zai makara, ka daure. Gara ya makara a gidanka ya ji ciwon abin, da ya makara a Samaru babu mai ko tambaya. Ka ba shi kuɗin wata, in ya cinye a kwana goma kada ka ƙara. Ya je ya yi harkar takardunsa da kansa, ya yi layi, ya yi wa ma'aikaci magana. Hajiya, ki bar shi ya dafa shinkafa ya wanke kayansa, namiji ne ko mace.

Sannan a zauna a kira abubuwa da sunayensu. Mu Hausawa kunya ta yi mana yawa a nan, sai mu dunƙule komai a cikin "ka kama kanka". Kama kai daga me? Ka ce masa kodin, ka ce tiramadol, ka ce cacar ƙwallo ta waya, ka ce ƙungiyar asiri, ka ce satar amsa, ka ce zina. Ka gaya masa yadda ake farawa, don babu wanda yake zuwa da sunan ɓata ka, da sunan abota ake zuwa. In ba za ka iya ba, ka sa kawunsa ko yayansa. Haka kuma zai haɗu da wanda zai jefa masa tambaya a kan samuwar Allah, ko ƙaddara, ko hadisi, wadda bai taɓa ji a Islamiyya ba. Ya san tun yanzu cewa shigar tambaya zuciya ba kafirci ba ne, kuma akwai malamin da zai iya kawo wa ita ba tare da an kore shi da tsawa ba.

Neman masa babba a garin kuwa, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, amma a fili. A kai shi, a gabatar da shi, a ce ga gidan da za ka zo in ka shiga matsala. Ya nemi masallacin makaranta tun ranar farko, ya san 'yan'uwa na MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi da take nan tun 1954. Sai dai in ƙara da cewa: an tura ka karatu ne, ba rigimar Izala da Ɗariƙa a bakin masallaci ba. Na ga waɗanda suka ƙware a raddi suka faɗi jarrabawa.

Akwai abu ɗaya da na fi jin tsoro a kan duk waɗannan, kuma ya fi shafar 'ya'ya mata. Yarinya ce wani malami zai matsa mata, ya nuna mata sakamakonta yana hannunsa. Ta san in ta faɗa a gida, abu na farko da za a ce shi ne, "Daman na faɗa, tattaro kayanki ki dawo." Sai ta yi shiru don kada ta rasa karatun. Shirun nan shi ne abin da azzalumin yake dogaro da shi. Haka yaron da ya faɗi kwasa-kwasai, ko aka sallame shi, ya ci gaba da zama a makaranta shekara guda yana karɓar kuɗin gida, don ya san abin da zai tarar in ya faɗi gaskiya. Waɗannan ba tatsuniya ba ne, ana kawo mana irinsu. Iyaye, kafin ɗanku ya tafi, ya ji daga bakinku cewa duk abin da ya faru, ko shi ne da laifi, ku ne farkon wanda zai kira. Kuma in ya kira ɗin, ku cika alkawari.

Na san wani zai ce, "Malam, in na sassauta ya lalace fa?" Zai iya faruwa, ba zan yi maka ƙarya ba. Ɗan Annabi Nuhu (AS) a gaban mahaifinsa ya ƙi shiga jirgi. Wanda ya ga ɗansa bai kai ba, ya zaɓa masa makarantar da zai riƙa zuwa daga gida, ko ya jinkirta masa shekara guda, bai yi laifi ba, wani lokaci ma shi ne daidai. Amma ya sani jinkiri ne kawai. Wayar da take hannun yaron ta riga ta shigo da duniya har cikin ɗakinsa, kuma ranar da babu mai buga ƙofa tana nan tafe, ko da jami'a ko babu.

Kai kuma ɗana, ko ƙanena, da kake karanta wannan da takardarka a hannu: kada ka ɗauki rubutun nan ka kai wa Baba a matsayin hujjar a ƙyale ka. Amana ake shirin ɗora maka, kuma mai neman a yarda da shi shi yake fara nuna alama. Ka tashi gobe kafin a taso ka. In ka isa can, ka kira gida kafin a kira ka.

Shekaranjiya na haɗu da Alhaji bayan asuba. Ya ce ya gwada. Kwana biyun farko yaron bai fito ba, shi kuma ya tsaya a ƙofar ɗakin da hannu a ɗage, ya fi minti ɗaya, sannan ya wuce masallaci. Ya ce bai taɓa sanin rashin bugawa ya fi bugawa wuya ba. Na tambaye shi yau fa? Ya nuna min can ƙarshen sahu na biyu. Yaron na zaune yana gyangyaɗi, raka'a ɗaya ya samu. Saura sati uku ya tafi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare su a inda idonmu ba ya kaiwa.