Ɗan Hakin da Aka Raina

Ko wahala tana wanke mutum daga alhakin zaɓin da ya yi? Kafin ka amsa, dubi abin da ya faru a ƙasar Jamus.

A zaɓen 1928 jam'iyyar Nazi ta Adolf Hitler ta sami kujeru 12 kacal a majalisa, ƙuri'unta ba su kai uku cikin ɗari ba. Manya suna yi mata kallon taron masu hayaniya. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A 1929 kasuwar hannun jari ta karye a Amurka, bashin da Jamus ke dogara da shi ya yanke, masana'antu suka rufe. A 1930 kujerun nan suka zama 107. A Yuli 1932, shekarar da marasa aikin yi suka kai kimanin miliyan shida, suka zama 230.

Hitler ya yi wa mayunwata alkawarin aiki da martaba, ya kuma nuna musu waɗanda za su ƙi: Yahudawa da 'yan kwaminis. Da yawa cikin waɗanda suka zaɓe shi manoma ne da 'yan kasuwa masu zuwa sujada kowace Lahadi. A ranar 30 ga Janairu 1933 Shugaba Hindenburg ya naɗa shi shugaban gwamnati, domin wasu manya irin su Franz von Papen sun zaci za su iya juya shi. Ashe kura suka ba ajiyar nama. A watan Maris majalisa ta miƙa masa ikon yin doka ba tare da ita ba. Mutum 94 ne kaɗai suka ƙi.

Yunwarsu ta gaske ce, kada ka raina ta. Ta Isuwa ma ta gaske ce a ranar da ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda kwanon fate, duk da haka cinikin bai warwaru ba. Wahala tana sa a tausaya wa mai zaɓi, amma alhakin yana nan a wuyansa. A 1934 waɗansu masu bi suka taru a Barmen suka shaida cewa ikkilisiya ta Almasihu ce shi kaɗai, sai dai a lokacin ragamar ƙasa ta riga ta fita daga hannun jama'a.

Saboda haka, ɗan'uwa, duk ranar da wani ya zo maka da alkawari cikin ƙuncinka, ka tambaye shi wanda zai sha wuya kafin ka ƙoshi. In maƙwabcinka ne, to, ka janye hannunka tun maganar tana ƙarama.

Ubangiji ya tsare lamirinmu a ranar tsoro da yunwa. Amin.