YAWANMU A JIYA DA GOBE: ME YA RATAYA A WUYAN UWA MUSULMA?

  

'Yar'uwa, na san da kin ji an ce "yawan jama'a" sai gabanki ya faɗi, ki ce to ga su nan kuma, za a fara yi mana maganar ƙayyade iyali. Ba ki yi laifi ba. Tun shekarar 1988 da gwamnatin Babangida ta fito da manufar nan ta 'ya'ya huɗu ga kowace mace, mutanenmu suka ɗaura ɗamarar zargi, duk wanda ya ɗauko zancen sai a yi masa kallon ɗan koren Turawa. Amma tsoron magana ba ya hana abu faruwa. Ke ce mai ɗaukar cikin, ke ce mai naƙudar, ke ce mai goyon, don haka idan ana lissafin mutanen Najeriya, jikinki da lafiyarki ake lissafawa. Ya kamata ki san abin da alƙaluman suka ce, ki kuma san abin da addininki ya ce.

Bari mu fara da ƙidaya. Wadda Turawan mulkin mallaka suka yi a 1952 zuwa 1953 ta nuna mutanen Najeriya sun ɗan haura miliyan 30. Ta 1963 ta ce miliyan 55.7. An yi wata a 1973, rigima ta yi yawa a kanta, har gwamnatin Murtala ta soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89, sannan ta 2006 ta ba da miliyan 140.4, inda jihar Kano ta zo da miliyan 9.4, Legas kuma miliyan 9.1. Daga nan shiru. An shirya wata a 2023 aka ɗage, har 2025 ta shigo ba a yi ba. Saboda haka duk adadin da kika ji ana faɗa bayan 2006 ƙiyasi ne. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce mun haura miliyan 230, mu ne na shida a duniya.

Ki lura da abu guda. Matar da aka haifa a shekarar samun 'yancin kai, 1960, lokacin da aka ƙiyasta mutanen ƙasar nan wajen miliyan 45, a cikin rayuwarta ita kaɗai ta ga jama'a ta ninka sau biyar. Ba ma sai an faɗa mata ba. Ta san filin da suke zuwa itace suna yara yanzu unguwa ce, ta san gonar kakanta da aka raba wa 'ya'ya goma, su ma aka raba wa nasu, har ta zama ɗan tsirin da ba ya ciyar da gida wata uku.

A lokacin ƙidayar 2006 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ce jama'a na ƙaruwa da kashi 3.2 cikin ɗari a kowace shekara. Wannan adadi kamar ƙarami ne a kunne, amma ma'anarsa ita ce cikin shekara 22 ko makamancin haka jama'a za ta ninka. Yarinyar da aka raɗa wa suna bana, kafin ta yaye ɗanta na fari ko na biyu, garinsu yana buƙatar ninkin rijiyoyi, ninkin azuzuwa, ninkin gadajen asibiti. Makwabtanmu na Nijar nasu ya fi namu gudu, don ƙidayarsu ta 2012 ta ba da miliyan 17.1 da ƙaruwar kashi 3.9.

Mene ne ya kawo wannan ƙaruwa? Mutane da yawa suna zaton matan yanzu sun fi na da haihuwa. Ba haka ba ne. Kakanninmu sun haihu sosai, sai dai sun binne da yawa. Tambayi kowace tsohuwa, za ta ce miki ta haifi goma sha ɗaya, huɗu suka rayu. Agana ta ɗebe, ƙyanda ta ɗebe, sanƙarau da amai da gudawa suka ɗebe. Cikin rahamar Allah aka kawar da agana daga duniya baki ɗaya a 1980, allurar rigakafi ta rage ƙarfin ƙyanda, ruwan gishiri da sukari ya ceci yara masu gudawa. Binciken lafiyar iyali na ƙasa ya nuna a 2003 cikin yara dubu da aka haifa 201 ne ke rasuwa kafin su cika shekara biyar, a 2018 suka koma 132, a binciken 2023 zuwa 2024 kuma 110. Har yanzu adadin abin kuka ne, amma ya ragu. Wato yawanmu asalinsa ni'ima ce, yara ne suke rayuwa. Wanda ya kira ni'imar Allah annoba ya yi saɓo.

Haihuwar kanta raguwa take yi a hankali. Wannan binciken ya ce a 1990 matsakaicin abin da mace ɗaya ke haifa a Najeriya shida ne, a 2003 da 2008 ya zama 5.7, a 2018 ya zama 5.3, a na baya-bayan nan kuma 4.8. Mu a arewa maso yamma a 2018 muna kan 6.6, alhali kudu maso yamma suna kan 3.9. Shi ya sa hasashen masana ma yake ta sauka. A 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce za mu kai miliyan 401 a shekarar 2050, har a wuce Amurka. A 2022 ta ce miliyan 377. A 2024 ta sauko wajen miliyan 360. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa hasashe ba wahayi ba ne, gaibu na Allah ne shi kaɗai. Sai dai ko wanne aka ɗauka, za a ƙaru da fiye da mutum miliyan ɗari cikin shekara ashirin da 'yan kai, kuma dalilin a fili yake: fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan ƙasar nan ba su cika shekara 15 ba. Iyayen gobe an riga an haife su, suna nan tsakar gidanki suna wasan 'yar tsana.

To me addini ya ce? Da farko, Musulunci yana son zuriya. Ya tabbata a hadisin Ma'aƙilu ɗan Yasar, wanda Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kwaɗaitar da auren mace mai soyayya mai haihuwa, kuma zai yi alfahari da yawan al'ummarsa. A Suratul Isra'i aya ta 31 da Suratul An'am aya ta 151 Allah ya haramta kashe 'ya'ya saboda talauci, ya ɗauki nauyin arzikin iyaye da 'ya'yan. Wannan babu jayayya a kansa. Duk wadda ta zubar da ciki don tsoron abin da za ta ciyar, ta ji tsoron haɗuwarta da Allah, kuma malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun tsananta ƙwarai a kan zubar da ciki tun daga farkonsa.

Amma 'yar'uwa, shi wannan Annabin (S.A.W.) ya ba da labari a hadisin Sauban, a cikin Abu Dawuda, cewa wani zamani zai zo da al'ummai za su yi wa Musulmi taron dangi. Sahabbai suka tambaya ko saboda ƙarancinsu ne, ya nuna musu cewa a lokacin suna da yawa, sai dai yawa ne irin na kumfa da tarkacen da ambaliya ke kwasowa. A Suratut Tauba aya ta 25 kuma Allah ya tunatar da sahabbai ranar Hunaini, da yawansu ya burge su bai amfane su da komai ba. Ki haɗa waɗannan nassoshi da na farko ki auna. Wane irin yawa ne Manzon Allah zai yi alfahari da shi? Yaron da ke yawo da roba a tasha da ƙarfe goma na dare, bai san ɗumin uwarsa ba tun yana shekara biyar? Yarinyar da aka cire daga aji uku aka ɗora mata farantin talla? Asusun UNICEF ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, kuma mafi yawansu a wajenmu suke. Ba sai mun jira wani ya zo daga waje ya gaya mana ba.

Mukan ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne. Amma Allah da ya tsaga bakin shi ne ya ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba, a Suratul Baƙara aya ta 233. Kuma hadisi ya zo cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. Annabi Yusuf (A.S.) ya fi mu tawakkali nesa ba kusa ba, amma da aka nuna masa shekarun fari bakwai na tafe, tanadi ya tsara wa mutanen Masar, ya ce a bar hatsi cikin zangarniyarsa. Duba gaba da shirya masa sunnar annabawa ce.

Wannan ayar ta Baƙara ta cancanci ki zauna da malamarku ta Islamiyya ku karanta tafsirinta a tsanake, don maganarki ce. Ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa. Ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Ta kuma ce yaye ya kasance da yarda da shawara tsakanin miji da mata. Iyayenmu na da sun riƙe wannan ta hanyarsu: mace ta tafi wankan jego gidansu, ta daɗe, kuma kwanika abin kunya ce a wurinsu. Yanzu goyon gida ya ragu, sai ka ga yarinya 'yar shekara ashirin da biyu da ɗaya a baya, ɗaya a hannu, ɗaya a ciki, jini bai dawo jikinta ba. Likitoci suna ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin ya shiga, kusan daidai da abin da ayar ta nuna. Binciken 2018 ya ce cikin haihuwa dubu ɗari, uwa 512 ke rasa ransu. Zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda. Kowaccenmu ta san gidan da aka yi suna da zaman makoki a mako guda. Kuma kada ki dogara da shayarwa kaɗai, don kariyarta ba ta wuce watanni shida na farko, shi ma sai in nono zalla ake ba jariri kuma al'ada ba ta dawo ba.

Game da hukuncin tazara, Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) ya ba da labari, a cikin Bukhari da Muslim, cewa sahabbai suna yin azalu a zamanin da Alƙur'ani ke sauka. Malamanmu suka sharɗanta yardar matar, domin tana da haƙƙi a jin daɗi da kuma zuriya. A zamaninmu, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa bai halatta hukuma ta kafa dokar da za ta ƙayyade wa ma'aurata adadin 'ya'ya ba, kuma haramun ne a kashe ƙarfin haihuwa gaba ɗaya sai da larurar da shari'a ta yarda da ita, amma ya halatta a jinkirta ɗaukar ciki na wani lokaci idan akwai buƙata, bisa shawara da yardar juna, matuƙar hanyar halal ce, ba ta cutarwa, kuma ba ta taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Kin ga ke nan ƙayyadewa daban, tazara daban. Kada ki sha magani a ɓoye ba da sanin maigida ba, kuma kada ki saya a hannun mai tallan magani a kasuwa. Ku je asibiti tare, ko ya ba ki izini ki je.

Akwai wata magana da ba mu cika son a taɓo ba, ita ce gasar haihuwa tsakanin kishiyoyi. Mace ta san jikinta ya gaji, likita ya gargaɗe ta, amma don amarya ta haifi namiji sai ta ce ita ma sai ta ƙara, saboda lissafin gado. Subhanallahi! Ana lissafin dukiyar mutum yana raye, ana saka rai cikin haɗari a kan abin da ba a san wa zai riga wani ba. Ayyuka suna tafiya ne da niyya. Ki haihu don neman ɗa nagari da zai yi miki addu'a bayan ranki, shi ne ɗaya daga abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa. Su kuma iyayenmu maza da ke karanta mujallar nan a ɓoye, mun san kuna yi, ku tuna kowane makiyayi za a tambaye shi abin kiwonsa. Ƙara aure halal ne, amma saki mace da 'ya'ya bakwai ka bar mata ci da sha da kuɗin makaranta zalunci ne.

Babban abin da ke hannunmu shi ne ilimin 'ya'ya mata. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'yan taru, jajis suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Yau idan matar aure ta je awon ciki ta tarar namiji ne zai duba ta, sai mu yi ta ƙorafi. To wa zai zama likitar mata da ungozomar asibiti idan mun cire 'ya'yanmu daga makaranta? Jama'ar da za ta ƙaru da miliyan ɗari tana buƙatar dubban malamai mata da ma'aikatan jinya, kuma daga ɗakunanmu za su fito.

Sai batun ƙidaya ita kanta. Wasu matan sukan ɓoye 'ya'ya idan malaman ƙidaya sun zo, wai ƙirga yara yana jawo musu mutuwa ko kambun baka. Wannan camfi ne. Bukhari ya ruwaito daga Huzaifa (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci a rubuta masa adadin waɗanda suka musulunta, aka rubuta mutum 1,500. Sayyidina Umar (R.A.) ya kafa diwani aka rubuta sunayen mutane don rabon haƙƙinsu daga baitulmali. Haka nan ƙara adadi don a rinjayi wani yanki ƙarya ce, kuma ita ta lalata mana ƙidayar 1962 da ta 1973. Duk ranar da aka zo ƙidaya, ki faɗi adadin gidanki daidai, har da jaririn da ke bayanki da ɗanki da ke makarantar allo a wani gari, ki gaya musu inda yake. Kafin nan kuma, duk yaron da ba shi da takardar haihuwa, ki roƙi maigida ya kai ku ofishin Hukumar Ƙidaya na ƙaramar hukumarku a yi masa.