Shin Ƙamshi Yana Halatta Abu?

 

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin samarinmu daga Nima har Aboabo. Wai wiwi tsiro ne da Allah Ya halitta, ga shi wani irinsa har ƙamshin lemo yake yi, to ina aibinsa? Wannan tambaya ta cancanci amsa.

Gaskiya ne akwai ƙamshin. Furen macen wiwi yana fitar da wani danƙo mai ɗauke da sinadaran ƙamshi. Cikinsu akwai limonin, wanda ake samu a ɓawon lemo, da karyofilin, wanda ke cikin masoro da kanumfari. Tun shekarun 1970 masu haɗa iri a Kalifoniya, daga baya kuma a Holan, suke zaɓen shukar da ƙamshinta da ɗanɗanonta suka yi musu, su haɗa ta da wata, don kayansu su samu kasuwa.

Amma sinadarin da ke juya hankali, wato THC, ba shi da ƙamshi. Kuma yayin da ake gyara ƙamshin, ana ƙara masa ƙarfi. A wiwin da hukuma ta kama a Amurka, ya tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014. Wato hanci yana jin lemo, ƙwaƙwalwa kuwa tana karɓar ninki uku.

To, da me shari'a take auna abu? Da ƙamshi ne ma'auni, da kanumfari da wiwi hukuncinsu ɗaya ne. Malamanmu sun duba abin da abu yake yi wa hankali ne. Imam Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya sanya wiwi cikin abubuwa masu ɓata hankali, kuma abin da ke gusar da hankali haramun ne a sha shi. Ko dokar Ghana da aka gyara a 2023, wadda ta ba da damar noma shi da lasisi don masana'antu da magani, THC ta auna, kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari. Ba ta tambayi ƙamshi ba.

Ya ɗan'uwa, hankali amana ne. Da shi kake sanin raka'a nawa ka yi, da shi kake gane haƙƙin iyayenka. Mai sayarwa ya san dalilin da ya sa yake miƙa maka ka shinshina tukuna, kafin a yi maganar kuɗi.

Allah Ya tsare mana hankulanmu, amin. Wassalam.