Kujerar Kansila Tana Jiran Mutanen Kirki

Jama'a, akwai kujerar da muka raina alhali ita ce mafi kusa da ƙofar gidanmu, wato kujerar kansila. Idan zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato, teburin mai shayi sai ya koma fagen muhawara har tsakar dare. Zaɓen ƙananan hukumomi kuwa, da yawanmu sai dai mu ji sakamakonsa a rediyo.

Ku dubi abin da kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma: kasuwa da tasha, mayanka da maƙabarta, magudanan ruwa da kwashe shara, rajistar haihuwa da aure da mutuwa, ga kuma hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Rayuwar talaka ke nan, tun daga zanen goyo har likkafani. Nijeriya na da ƙananan hukumomi 774, Jihar Kano kaɗai tana da 44 da mazaɓu 484, kowace mazaɓa da kansilanta. Mutum nawa ne a cikinmu zai iya faɗin sunan nasa?

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo. Madalla. Amma hukuncin kotu ba ya gina rijiyar burtsatse. Idan kuɗi suka iso suka tarar da majalisar 'yan amshin Shata, waɗanda maigida ya rubuta sunayensu a falonsa, inda aka saba kai su nan za su tafi.

Don haka nake kira ga malamin firamaren da ya yi ritaya da mutuncinsa, da ma'aikaciyar jinyar da ta san gidan da aka rasa mai naƙuda saboda lalacewar hanya, da matashin da ke jan ragamar aikin gayya duk damina: ku fito takara. Na san za ku ce siyasa ƙazanta ce, kuma jam'iyyar da ke mulkin jiha takan cinye kujerun duka. Haka ne, abin kuma yana ƙona rai. Sai dai sa'ad da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, ƙasar ta fi haka tsauri, ga Turawa ga En'e. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa ya shiga, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba ta ja da baya ba. Dokarmu ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, saboda haka a yanki katin jam'iyya a mazaɓa, a riƙa halartar taronta tun kafin a buga gangar zaɓe.

Wanda ya fito, kada ya tsaya a zauren masu faɗa a ji. Ya taka zuwa ruga, ya zauna da guragu da makafi, ya ji ta bakin 'yan gudun hijirar da ke kwana a kangaye, ya aika mata su jiyo masa damuwar matan kulle da zawarawa masu riƙon marayu. Ya rubuta abin da ya ji, domin ranar da ciyaman zai kawo kasafin kuɗi gaban majalisa, da wannan takardar zai yi magana.

Mu kuma sauran jama'a, mu ji tsoron Allah. Mu ne muke mai da kansila mai sayen ragon suna da biyan kuɗin cefane, har ya rasa bakin tambayar ina kuɗin rufin aji suka shiga, don shi ma yana jiran a yaga masa. Idan mun yarda da mutum, mu yi karo-karo mu saya masa fom, mu tsare akwati ranar zaɓe har a gama ƙirga. Bayan an rantsar da shi, duk bayan wata uku mu shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, mu kira shi ya zo da takardar nan a hannunsa.