Tsaikon da Na'ura ta Ɗaura: Wa ke da Alhakinsa?

Idan kaka ta yi a ƙasar Mai Yara, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, aka gama yankan hatsi aka kai dammuna gida, sai hankalin magidanta ya koma ga gyaran rumbuna da ɗakuna. A ƙasa ake ɗaura tsaiko: a jera sanduna su haɗa kai a sama, a kewaye su da tanka hawa-hawa, a ɗaure da igiyar kaba, a baibaye da shuci, sannan a kira maƙwabta su taya ɗorawa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sau da yawa ba mai ɗakin ne ya ɗaura tsaikon ba. Akwai wanda ya fi shi hannu, shi ake nema. Amma in damina ta faɗi jinkar ta yi yoyo, ko iska ta kwashe ta, ɗakin wane ake cewa ya lalace, kuma iyalin wane ne ke kwana cikin ruwa.

Wannan tsohuwar magana ta sake tasowa a cikin wata sabuwar sana'a, wato gina shafukan intanet, wadda matasa ke koyo a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da sauran wuraren koyon kwamfuta. Galibin shafukan ba daga tushe ake gina su ba. Akwai manyan manhajoji da aka tanada don sarrafa abin da ake wallafawa: Drupal, wadda Dries Buytaert, mutumin Beljiyam, ya fitar a 2001, WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka kafa a 2003, sai Joomla a 2005. WordPress kaɗai tana ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya. Tun 2004 ta buɗe ƙofa ga abin da za a iya kira ɗori, ko fulogin a bakin masu sana'ar, wato ƙaramar manhaja da ake jona wa babbar don ta yi wani aikin da ba ta zo da shi ba, kamar karɓar kuɗi ko ajiye rajistar mutane.

Kowane ɗori farkonsa iri ɗaya ne: fayil-fayil da aka jera bisa ƙa'ida, da wani rubutu a sama mai gabatar da shi ga babbar manhajar. Maimaita wannan kullum gajiya ce, saboda haka aka koya wa na'ura ta riƙa yinsa. Dabarar ta shahara da fitowar Ruby on Rails a 2004, daga baya kayan aiki irin su WP-CLI da Drush suka kawo ta ga WordPress da Drupal. Mutum ya buga umarni layi ɗaya, kafin ya ɗauke hannu an shimfiɗa masa farkon aikinsa. Turawa sun ara wa wannan abu sunan katakon da magina ke hawa, amma tsaiko ya fi dacewa da shi, domin katakon magina ana kwance shi in an gama gini, tsaiko kuwa yana nan cikin jinka har ranar da za ta faɗi. Daga 2021 kuma aka samu manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira da ke iya ɗaura tsaikon, su baibaye shi, su miƙo ɗaki sukutum.

Wanda ya buɗe abin da WP-CLI ke shimfiɗawa zai ga abubuwa uku masu jan hankali. A sama an bar gurbi, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa nan ne wurin sunan mai aikin. A ƙasa akwai layi ɗaya da ke shaida masa cewa nasa rubutun daga nan zai fara. Sai kuma wani gwaji na misali, wanda ba ya tambayar komai sai ko gaskiya gaskiya ce, don haka ba ya taɓa faɗuwa. An ma bar wasiyya a kansa cewa a musanya shi da gwaji na haƙiƙa. Tambayar ɗabi'a tana tsakanin na farko da na biyu: wanda ya sa sunansa a sama, alhakinsa daga sunan ya fara, ko kuwa daga layin da aka ce nasa ne?

A ƙaddara wani saurayi ne daga Mai Yara ya koyi wannan aiki, sai ƙungiyar manoman ƙauyensu ta roƙe shi ya yi mata ɗorin da zai riƙa ajiye lissafin bankin cimaka: wane ya zuba buhu nawa da kaka, wance ta karɓi tiya nawa bashi, yaushe za ta biya. A yankin da bai manta da yunwar 2005 ba, irin wannan lissafi abincin watannin tsakiyar damina ne, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba. Saurayin ya buga umarni, tsaiko ya fito, ya cika abin da ya sawwaƙa, ya sa sunansa, ya miƙa. Bayan wata shida aka wayi gari wani ya kutsa ya sauya adadi, ko sunayen masu bashi sun faɗa hannun da bai kamata ba. Ya duba, ya tarar ɓarakar tana cikin sashen da bai rubuta ba, bai ma karanta ba.

Abu na farko da ya kamata a faɗa domin adalci shi ne, karɓar tsaikon wani ba abin kunya ba ne. Babu sana'ar da ake farawa daga babu. Tela yana yanka bisa ma'aunin da ya gada daga maigidansa, manomi yana shuka irin da kakansa ya zaɓa, kolo kuma malam ne ke rubuta masa allo tun yana babbaƙu, kafin hannunsa ya faɗa. Ga ɗan ƙauyen da ke sayen intanet da ƴan kuɗi kaɗan, yana cajin kwamfutarsa da hasken rana, umarnin da ya rage masa aikin yini guda alheri ne babba. Tsaikon ma yakan koyar, domin gwanaye ne suka tsara shi, kuma mai lura yana iya koyon ƙa'ida daga kallon yadda suka jera abubuwa.

Sai dai allon da malam ya rubuta, karanta shi ake yi har a haddace, sannan a wanke. Inda kolo zai rataye shi a bango ya ce ya yi karatu, da an yi masa dariya. Haka kuma waɗanda suka ba da tsaikon ba su ɓoye matsayinsu ba. Lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1989, wanda kuma WordPress da Drupal da Joomla duk suke ƙarƙashinsa, ya ba kowa ƴancin ɗauka da gyarawa da rabawa, amma ya faɗa ƙarara cewa babu lamuni. Kyauta ce, ba a ɗauki alkawarin ingancinta ba. Manoman Mai Yara kuwa ba su san Stallman ba, ba su karanta lasisi ba. Ɗansu suka sani, shi suka ba amana. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda almajirai ke karantawa a Risalar Ibn Abi Zaid, mai sana'a yana lamunce kayan da aka ba shi ya tafi da su don ya yi aiki a kansu. Hikimar hukuncin a fili take: mai kaya ba ya ganin abin da ke faruwa a cikin shago, don haka aka ɗora nauyin a kan wanda ke gani.

Tarihin sana'ar ya riga ya nuna abin da aron da ba a karanta ba ke jawowa. A watan Agusta na 2011 aka gano ɓaraka a cikin TimThumb, wani ɗan rubutu mai rage girman hotuna, wanda masu tsara shafukan WordPress da dama suka kwafa suka cusa cikin ayyukansu. Ta nan masu kutse suka shiga dubban shafuka, kuma da yawa daga masu shafukan ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya ƙara muni a nan shi ne tsagar guda ɗaya ce, aka kwafe ta zuwa kowane bango.

Mai ja zai ce wannan nauyi ya fi ƙarfin mutum. Wa ya karanta dukan WordPress? Direban da ke jigila tsakanin Dakoro da Maraɗi bai ƙera injin motarsa ba, kuma ba a ce ya ci amana. Gaskiya ne, amma direban kirki yana duba birki kafin ya ɗauki fasinja, ya san ƙarar da ke nuna matsala, kuma in motar ba ta da lafiya yakan faɗa. Ba a neman mai ɗori ya san komai. Ana neman ya karanta duk abin da ke ƙarƙashin sunansa, ya cire abin da bai gane amfaninsa ba, ya musanya gwajin da ba ya faɗuwa da wanda zai iya kunyata shi, kuma ya gaya wa masu aikin iyakar saninsa. Wanda ya ce da shugaban ƙungiya, “Baba, wannan sashe ban ƙware a kansa ba tukuna, kada a yar da littafin takarda,” ya sauke nauyin da wanda ya yi shiru bai sauke ba, ko da aikinsu iri ɗaya ne.

Akwai kuma wani gurbi da tsaikon ke bari: yana nuna wurin da za a ajiye fassarar kalmomin ɗorin zuwa wasu harsuna, amma ba ya fassara ko ɗaya. In saurayin ya bar wurin wayam, ma'ajin ƙungiya zai riƙa danna abin da ba ya iya karantawa, kuma lissafin da mai shi ba ya iya dubawa da idonsa ya riga ya fita daga hannunsa. Cika wannan gurbi da Hausa yana cikin amanar.

A Mai Yara, mai ɗaki yakan zagaya tsaikon da aka ɗaura masa tun yana ƙasa, ya girgiza sanduna, ya ja igiya, ya duba ko gara ta taɓa icen, domin ya san da zarar an ɗora gyara ya yi wuya. Ba raina gwanin da ya ɗaura yake yi ba; ƴaƴansa ne za su kwana a ciki. Na'ura ta sauƙaƙa ɗaurin, amma wannan zagayen yana nan a wuyan wanda zai sa sunansa. Allah ya ba masu sana'a ikon riƙe amana.