Wulaƙancin Da Ake Yi Da Shiru

Ranar 15 ga Maris 2014, dubban ɗaruruwan matasa suka yi dafifi a filayen wasa da wasu wurare a Abuja, Fatakwal, Minna, Benin da sauran birane, domin jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice ta Najeriya. Kowannensu ya biya Naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Ba a raba su rukuni-rukuni ba, ba a faɗa wa kowa ta inda zai shiga ko inda zai zauna ba. Aka bar su a rana bakin ƙofa tun da sassafe. Da aka buɗe, turereniya ta ci rayuka fiye da 15. An yi ta maganar kuɗin da aka karɓa, har EFCC ta gurfanar da ministan cikin gida na lokacin, Abba Moro. Amma ƙarƙashin wannan akwai wani hali da ba a kai shi kotu: ganin cewa mai neman aiki bai isa a yi masa bayani ba.

Halin nan yana nan da ransa, sai dai yawanci ba ya zubar da jini. Matashi ya ranci kuɗin mota daga Gusau zuwa Kaduna, ya kwana a tasha da ambulan ɗin takardunsa ƙarƙashin kai, ya wuni kan benci, a yi masa tambayoyi na minti goma, a sallame shi da "za mu neme ka". Shi ke nan. Wata uku wayarsa ba ta rabuwa da caji, duk baƙuwar lamba sai gabansa ya faɗi. Wani ɗan aikin koyarwa ya samu a makarantar unguwa ya ƙi karɓa, kada a kira shi yana ɗaure. Kullum da safe mahaifiya na tambaya, "Har yanzu ba su kira ba?" Alhali tuni an ba ɗan wani kujerar.

Masu ɗaukar aiki kan ce masu nema sun yi yawa. Gaskiya ne, amma hujjar ba ta tsayawa, domin saƙon tes ɗin da ya kira mutum 200 ganawa zai iya gaya wa 195 cewa ba a dace ba. Abin da ya hana shi ne raini, da kuma tsoron faɗin "a'a". Ko a neman aure, dattijon kirki ba ya barin manemi yana zarya shekara guda. Yakan ce an yi wa yarinya miji, a rabu da mutunci.

Kuma shirun nan kasuwa yake buɗe wa macuta. Inda hukuma ta ƙi magana, 'yan damfara ke magana a madadinta: shafukan bogi a Facebook, jerin sunayen ƙarya a WhatsApp, da mai cewa yana da hanya a hedikwata, a kawo dubu ɗari biyar. A 2024, bayan Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ta fitar da sunayen kurata 10,000, rundunar 'yan sanda ta ce ba ta yarda da jerin ba. Manya suka yi makonni suna musayar sanarwa, yaran da sunansu ya fito kuwa suna gida, ba su san ko su haɗa kaya ko su koma gona ba.