Fiya-fiya a Buhun Wake: Guba Muke Dafawa, Guba Muke Rabawa

Duk wanda ya tsiyaya fiya-fiya ko Sniper a kan waken da mutane za su ci, guba ya zuba musu a tukunya. Ko ya kira abin adanawa, ko ya ce ƙwari yake kora, sunan aikinsa algus, kuma algus ɗin da ke iya ɗaukar rai. Abin da a da ake yi a ɓoye cikin sito, yau ya zama ruwan dare: a baje wake a kan tampol, a fesa, a juya da shebur, a ɗinke buhu, gobe da safe ga shi a tiya. Busasshen kifi ma bai tsira ba, ana yayyafa masa don kada ƙuda da tsutsa su taɓa shi.

Sinadarin da ke cikin waɗannan kwalabe, wanda ake kira dikulobos, aikinsa shi ne rikita saƙon da jijiyoyi ke aika wa sassan jiki. Haka yake kashe ƙwaro, haka kuma yake kama ɗan Adam. Idan ya yi yawa sai yawu ya riƙa dalala, gumi ya karyo, amai da gudawa su biyo baya, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da majina, jiki ya hau fizga, numfashi ya gagara. Yaro da tsoho da mai juna biyu su ne a sahun gaba. Wanda kuwa yake cin kaɗan kaɗan, yau a ƙosai, gobe a alala, jibi a garau-garau, shi ba zai faɗi nan take ba, kuma ranar da ciwo ya kwantar da shi babu wanda zai tuna da buhun wake. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan sinadari cikin jerin waɗanda ake zargin suna iya haddasa cutar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hanyar da gubar take bi. A ƙasar Hausa tukunya ba ta gida ɗaya ba ce. Uwargida ta sauke wake da shinkafa, ta zuba wa maƙwabciya a langa, ta aika wa surukai, ta cika kwanon almajirin da ke bakin zaure. Da azumi ana jiƙa wake tiya-tiya don ƙosan buɗa-baki, a kai masallaci sadaka. A gidan suna da gidan makoki kula ɗaya tana ciyar da unguwa. Ashe kenan ɗan kasuwa ɗaya, da kwalba ɗaya, ya mayar da hannun alherin matan gari hanyar raba cuta? Baiwar Allah ta nemi lada da guminta, kai kuma ka sa ta shayar da marayu guba ba ta sani ba. Alhaji, da wane ido za ka dubi wannan?

Waje ma sun gane mu. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta, saboda gwaji ya nuna ragowar wannan sinadari ta zarce iyakar da suka ƙayyade ninkin-ba-ninkin, kuma a 2016 aka tsawaita haramcin. Nijeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye da ita, amma ga shi an rufe mana ƙofa. To, irin waken da Bature ya ce bai dace da cikinsa ba, ina ya tafi? Yana nan a kasuwanninmu, mu da 'ya'yanmu muke cinye shi. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, amma kowa ya san har yau ba sai an sha wahala ake samunsu ba.

Za a ce ƙwari suna cinye jari. Gaskiya ne, ƙwaron wake yana iya mayar da buhu gari cikin 'yan watanni. Amma yaushe tsoron asara ya zama izinin cutar da mutane? Kuma wa ya ce babu mafita? Iyayenmu sun shanya wake a rana har ya yi ƙayau, sun cakuɗa shi da toka ko yashi, sun sa barkono da ganyen darbejiya. Ganga ko jarka mai murfi da ke toshe iska tana kashe ƙwaro ba tare da ɗigon magani ba. Ga kuma buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙi a waje, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, aka soma yaɗa shi a yankinmu tun 2007. A ɗaure bakinsa tam, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu. Wanda ya bar wannan ya ɗauki kwalbar guba, arha ya zaɓa a kan ran mutane.

Idan aka ci gaba a haka, ƙarshen abin a fili yake. Za a wayi gari uwa tana tsoron abincin da maƙwabciya ta aiko, tana zubarwa a ɓoye. Mai tuyar ƙosai, wadda da kaskonta take biyan kuɗin makarantar yara, za ta rasa masu saye. Manomin kirki zai sayar da amfaninsa a wulaƙance saboda laifin wani. Asibitoci su cika da ciwon da ba a san mafarinsa ba, a yi ta zargin sammu da maita, alhali maƙiyin yana sito.

Shugabannin kasuwannin hatsi, daga Dawanau har zuwa ƙaramar kasuwar ƙauye, ku kuka san masu yi, ku kore su daga rumfunanku. Malamai, ku faɗi hukuncin wannan aiki a kan mumbari yadda kuke faɗin na tauye mudu. Hukuma ta riƙa ɗibar wake tana gwadawa, wanda aka kama a gurfanar da shi. Ke kuma uwargida, ki shinshina kafin ki auna. Idan kika ji warin magani ko kika ga farar hoda, ki bar masa kayansa, domin wanki da tafasa ba su ba ki tabbacin gubar ta fita ba. Da kaka ki sayi naki, ki shanya, ki toshe a jarka, kada ki yarda kwalbar nan ta kusanci inda kike ajiye abinci.